Sojan Gona: Me Ya Sa Mutum Ke Yin Shigar da Ba Tasa Ba?

A shekarar 1951, ana tsaka da yaƙin Koriya, akwai wani jirgin ruwan yaƙi na Kanada mai suna Cayuga. Likitan jirgin a takarda sunansa Dokta Joseph Cyr. Ya cire wa kyaftin haƙori, ya yi wa waɗanda suka jikkata tiyata, har ya ciro harsashi daga ƙirjin wani. Sai dai mutumin nan bai taɓa karatun likita ba. Sunansa na gaskiya Ferdinand Demara, ɗan Amurka, takardun wani likita ya yi awon gaba da su. In an kawo majinyaci sai ya shige ɗaki ya buɗe littafi, ya fito ya kama aiki. Yabo ne ya tona masa asiri. Jaridu suka buga bajintarsa, mahaifiyar likitan na ainihi ta karanta, alhali ta san ɗanta yana Kanada yana duba marasa lafiya.

Demara ya kai abin maƙura. Amma ƙaramin irinsa kowa na yi. A 1996, masaniyar halayyar ɗan Adam Bella DePaulo ta sa mutum 147 su riƙa rubuta duk ƙaryar da suka yi har tsawon mako guda. Ɗalibai suka tashi da kusan biyu a rana, sauran jama'a kusan ɗaya. Yawancinsu ƙananan ƙarairayi ne: na ji daɗin zuwanka, ai na san wannan, ina nan lafiya ƙalau. Kuma waɗanda mutum ya yi don gyara kansa a idon mutane sun fi waɗanda ya yi don kare wani yawa.

To daga ina abin ke tasowa?

A 1987 wani masani mai suna Tory Higgins ya ce kowannenmu na ɗauke da hoton kansa kala uku a zuciya: yadda yake a zahiri, yadda yake burin ya zama, da yadda yake ganin ya wajaba ya zama saboda abin da iyaye ko jama'a ke tsammani. In tazara ta yi faɗi tsakanin na farko da na biyu, abin da ke biyo baya baƙin ciki ne da karayar zuciya. In tsakanin na farko da na uku ne, sai fargaba da rashin sukuni. Hanyar cike wannan giɓi biyu ce. Ko dai mutum ya canza da gaske, wanda ke cin shekaru, ko ya canza abin da mutane ke gani, wanda ake iya yi yau kafin magariba. Mai ƙaryar arziki, da mai aron ilimin da ba shi da shi, da mai tsoron a ce ya gaza, duk ta biyun suka bi.

Wani lokaci tushen yana can ƙuruciya. Likitan yara ɗan Birtaniya, Donald Winnicott, ya yi bayani a 1960 cewa yaron da ba a karɓarsa sai ya yi abin da ake so, yakan koyi ɓoye abin da yake ji. Ya yi kuka an tsawata, ya yi shiru an yaba. Ya girma ya ƙware wajen karanta fuskar mutane, amma ka tambaye shi me shi kansa yake so, sai ya tsaya kame-kame. Irin wannan ba mayaudari ba ne a ma'anar da muka saba. Garkuwa ce ya ɗauka tun yana ƙarami, ya manta yadda ake ajiye ta.

Akwai kuma wanda aiki ke tilasta masa. Masaniyar zamantakewa Arlie Hochschild ta yi nazarin ma'aikatan jirgin sama a 1983, waɗanda dole su yi murmushi ko da fasinja yana zazzaga musu rashin mutunci. Ta bambance mai yaƙe a fuska zuciya na tafasa, da mai ƙoƙarin sauya abin da yake ji a ciki. Binciken da ya biyo baya ya nuna na farkon ne ya fi saurin gajiya da ƙosawa da aikin.

Intanet kuwa ta sauƙaƙe abin. A 2008 wata mai bincike, Catalina Toma, da abokan aikinta suka gayyato mutum 80 masu shafi a dandalin neman masoya, suka auna tsawonsu, suka ɗora su a sikeli, suka duba katin shaidarsu. Kusan takwas cikin goma sun kauce wa gaskiya a aƙalla abu ɗaya. Maza sun fi ƙara tsawo, mata sun fi rage nauyi. Abin lura, ƙarin ɗan kaɗan ne, daidai wanda ba za a gane ba ranar haɗuwa. Wato mutane na lissafi, suna yin ƙaryar da za su iya riƙewa.

Matsalar ita ce lissafin yakan kuɓuce. Farko ƙari ne kaɗan, aka yarda, aka girmama mutum. Gobe wani ya yi tambaya, dole a kawo ƙarya ta biyu don tallafar ta farko. Daga nan sai a fara raba mutane, kada wanda ya san ka a da ya haɗu da wanda ya san ka a yanzu. Sai kashe kuɗi don kayan da za su gaskata labarin, sau da yawa da bashi. Wani bincike da aka yi a Landan a 2016, inda aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, ya nuna sashen da ke tayar da hankali in mutum ya yi ƙarya don amfanin kansa yana raguwa da motsi in aka maimaita, ƙaryar kuma tana ƙara girma. Mafi muni shi ne yabon da ake samu ba ya shiga jiki, domin mai shi ya san rigar ake yaba wa.

A nan sai an yi hattara, kada a yi wa kowa kuɗin goro. Wanda ke magana da shugabansa daban da yadda yake yi da abokinsa ladabi ne, ba yaudara ba. Akwai ma waɗanda cancantarsu ta gaske ce amma suna jin kamar su 'yan sojan gona ne, kamar yadda masanan halayyar ɗan Adam Pauline Clance da Suzanne Imes suka gano a 1978 a tsakanin mata masu manyan nasarori. Ma'aunin shi ne: shin wani zai yanke shawara a kan kuɗinsa, lafiyarsa ko aurensa bisa abin da aka nuna masa?

In kuma kuna zargin wani, kada ku dogara da kallon ido ko rawar murya. Da aka tattara bincike sama da ɗari biyu a 2006, an ga mutane na gane ƙarya da kashi 54 cikin ɗari ne kawai, kusan canki-canka. Abin da ya fi aiki shi ne tambayar da bai shirya mata ba. Ya ce ya yi karatu a wuri kaza, a tambaye shi wace shekara, wa ya koyar da shi. A bar kwanaki su wuce a sake tambaya ta wata fuska, ko a ce ya ba da labarin daga ƙarshe zuwa farko. Takarda a tabbatar da ita daga inda aka bayar da ita. Hoto a saka shi a manhajar binciken hoto a ga ko na wani ne. Wanda kuka haɗu da shi a intanet, in kullum yana da uzurin ƙin kiran bidiyo kuma maganar kuɗi ta fara shigowa, a dakata da tura ko sisi har sai an gan shi ido da ido.