Direban da ke Buga Wuta a Ƙafar GPIO: Wa Ke Riƙe da Agogo?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu haɗa na'urori. Ku dubi allon Raspberry Pi, ƙaramar kwamfutar nan. Ƙafafu 40 ne jere a gefensa, akasarinsu GPIO, wato ƙafafun da manhaja ke sarrafawa, kuma in an saita ɗaya don fitar da wuta, abu biyu kaɗai ta iya: ta ba da wuta bolt 3.3, ko ta ɗauke. Kunna fitila da ita ba wuya. Wahalar tana farawa ne ran da aka ce ta kunna ta kashe a kan lokaci, ba ƙari ba ragi.

Mu ɗauki injin ƙyanƙyashe ƙwai, tunda a nan Jos kiwon kaji sana'a ce. Ƙaramin moto irin wanda ake kira servo da ke juya tiren ƙwai yana jiran bugun wuta sau 50 a sakan, wato duk bayan milisakan 20. Tsawon bugun ne ke faɗa masa inda zai tsaya: milisakan 1 wannan gefe, milisakan 2 wancan. Kenan kuskuren maikrosakan 100 kacal ya cinye kashi goma cikin ɗari na tafiyarsa. Shi ya sa za ka ga moton yana karkarwa kamar mai jin sanyin Disamba a Rayfield.

Daga ina kuskuren yake zuwa? Ɗalibi ya rubuta manhaja: kunna, jira, kashe, jira. Amma Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da allon, bai yi masa alkawarin tashe shi daidai lokaci ba. Ga intanet, ga katin ajiya, kowa na jiran a saurare shi. Ka nemi milisakan 1, ka samu da ɗoriya.

To, sai a mayar da aikin cikin kanel, wato zuciyar Linux da ke sarrafa na'ura kai tsaye. Tun Linux 6.11, a 2024, akwai direba, wato manhajar kanel mai tuƙa na'ura, mai suna pwm-gpio (PWM shi ne wannan bugun wutar da ake auna tsawonsa) da ke amfani da agogon kanel mai ƙididdiga da nanosakan, hrtimer. Agogo ya buga, direba ya juya ƙafar, ya saita bugu na gaba. A nan ne mai tsara direba ke nuna gwanintarsa. Lokaci na gaba daga jadawali ake lissafa shi, ba daga lokacin da aka farka ba, in ba haka ba kowane jinkiri sai ya hau kan na baya. In manhaja ta canza tsawon bugu, a bari zagayen da ake ciki ya ƙare tukuna, kada a datse shi a tsakiya moto ya fizga.

Akwai kuma ƙafafun da ba a kan babban guntu suke ba, suna kan wani guntun ƙari da ake magana da shi ta layin I2C. Aika umarni ɗaya a gudun kilohaz 100 yana cin kusan sulusin milisakan, kuma dole a jira layin. Jira kuwa haramun ne a cikin katsewar agogo, wato lokacin da agogo ya katse wa kwamfuta aikinta don direba ya juya ƙafar. Don haka pwm-gpio yana ƙin irin waɗannan ƙafafu tun farko. Wannan ƙin yana burge ni ƙwarai. Direban da ya ce ba zan iya ba ya fi wanda zai karɓi aiki ya lalata wa manomi ƙwai.

Ku lura da tsada ma. Kowane zagaye katsewa biyu ne. A haz 50, wato zagaye 50 a sakan, sau 100 ne a sakan, ba komai. A kilohaz 20 kuwa, sau 40,000 ne, kwamfutar ta bar aikinta ta koma gadin ƙafa ɗaya. PREEMPT_RT, gyaran da ke sa kanel amsawa a kan lokaci, wanda ya shiga Linux 6.12, yana rage jinkiri, amma bai rage wannan lissafi ba.

Shawarata: fitila ko ƙararrawa, pwm-gpio ya wadatar. Moto kuwa, a ba shi PWM na cikin guntu, wanda ke fita ta GPIO 12, 13, 18 ko 19, ko a sa guntun PWM na ƙari, PCA9685, mai tashoshi 16.

Sannan tambayar da ake yawan mantawa: in manhaja ta mutu da tsakar dare, a wane hali ƙafar za ta tsaya? In hita ce a kanta, dole ta tsaya a kashe. A tabbatar da haka a direba, sannan a sa resista mai janyo ƙafar ƙasa a kan allon, domin lokacin da na'ura ke tashi, direba bai ma hau aiki ba tukuna.