Jawabin Ma'aji Bayan Ziyarar Richmond

Jama'a, rahoton wata da gudu zan bi ta kansa. An biya hayar ɗakin taro, an sallami mai girki, shi ke nan. Abin da ya hana ni barci daban ne: ɗan'uwanmu na kwance a asibiti tun makon jiya, ba shi da inshora, asusun taimako kuwa wayam.

Ran Asabar da muka kai yara Richmond ta Kalifoniya su ga tsohon jirgin ruwa Red Oak Victory, su suna ta hawa da sauka, ni hankalina na can wajen mara lafiya. Kun dai ji tarihin. A Yaƙin Duniya na Biyu jiragen Jamus masu nutso suna ta nutsar da jiragen dakon kaya, sai attajiri Henry Kaiser ya kafa ma'aikatu huɗu na ƙera jiragen ruwa a bakin ruwan nan, aka ƙera jirage 747. A Nuwamban 1942 suka haɗa jirgi guda, Robert E. Peary, cikin kwana huɗu da awa 15! Mu kuwa wata uku muna neman wanda zai gyara mana lasifika.

Su wa suka yi aikin? Baƙi ne irinmu. Baƙaƙen fata da suka baro Luwiziyana da Teksas, da matan da ba su taɓa riƙe kan walda ba. Aiki ba dare ba rana, ga rauni kullum. To, daga nan ne abin ya taɓa ni: duk ma'aikacin da ya shiga tsarin lafiya, santi 50 ake cirewa daga albashinsa duk mako, in ciwo ya zo a duba shi. Tushen Kaiser Permanente ke nan, inshorar lafiyar da wasunku ke yawo da katinta a aljihu. Rabin dala, Alhaji, rabin dala!

A gida, kafin a fita da mara lafiya an gama haɗa kuɗi a zaure, maƙwabta na shigowa da kunu. A nan takardar bashi ce ke zuwa dubiya. Matarsa ta kira ni jiya da dare, wallahi na rasa me zan ce mata.

Ba zan kira suna ba, kowa ya san kansa. Don Allah, don Annabi, mai bashin kuɗin asusu na wata shida ya kawo ko na biyu ne yau. Littafi na kan tebur. Hajiya, ke ce kusa da ƙofa, kada a buɗe kulolin abinci sai an gama rubutawa.