Broadway: ba titi ake dubawa ba, kujeru ake ƙirgawa

To jama'a, wannan titin da kuke gani ya ratsa Manhattan a karkace shi ne Broadway, a birnin Niyok na Amurka. Ana ta musu kwanan nan wai duk wasan kwaikwayon da aka ce na Broadway ne to a bakin titin nan ake yinsa, wanda aka ce Off-Broadway kuma can bayan gari aka kai shi. Sam ba haka ba ne.

Gidajen wasa 41 ake kira na Broadway, kuma mafi yawansu ba ma a kan titin suke ba, suna cikin ƙananan layukan da suka kewaye dandalin Times Square. Ga layi na 44, ga na 45, gida jingine da gida.

Yanzu ku saurara da kyau, dan a nan ake rikicewa. Abin da ake fara dubawa kujerun 'yan kallo ne. Gida mai kujera 500 zuwa sama shi ne zai iya shiga sahun Broadway, daga 100 zuwa 499 Off-Broadway kenan, wanda bai kai 100 ba kuma shi ake ce wa Off-Off-Broadway. Wato sai ka ga gida biyu a unguwa ɗaya, tafiyar minti biyu a tsakaninsu, ɗaya Broadway ɗaya ba Broadway ba, kuma ba wai wasan ɗayan ya fi na ɗayan kyau ba ne, kujeru ne kawai suka raba su.

Amma fa kujeru kaɗai ba su isa ba. Kalli Beacon, a bakin titin Broadway ɗin yake, kujeru sama da 2,000, duk da haka ba ya cikin 41 ɗin nan, mawaƙa ne suka fi hawa dandamalinsa. Radio City da aka buɗe a 1932, kujeru kusan 6,000, shi ma ba ya ciki. Sai ga gidan wasan Vivian Beaumont can sama a cibiyar wasanni ta Lincoln Center, ya fita daga unguwar gaba ɗaya amma yana ciki, saboda masu shirya kyautar Tony, babbar kyautar wasan kwaikwayo ta Amurka, sun amince da shi.

Me ya sa abin ya dami 'yan wasa? Saboda kyautar Tony da ake bayarwa tun 1947, sai wasan da ya hau ɗaya daga cikin gidajen nan yake shiga takarar gwarzon wasa, kuma albashin da ƙungiyar 'yan wasa ta tsayar a nan ya fi na ƙananan gidaje nesa ba kusa ba. Shahararren wasan nan Hamilton ma ai a ƙaramin ɗaki ya fara a Public Theater a 2015, kafin shekarar ta ƙare ya koma gidan wasan Richard Rodgers, daga ranar ya zama na Broadway.

Ku kalli gine-ginen kansu. Lyceum, 1903. New Amsterdam, shi ma 1903, dubi adon rufin nan.

Ni abin da yake min ciwo shi ne 1982, lokacin da aka rushe gidan wasan Morosco da tsohon gidan wasan Helen Hayes dan a gina otel, 'yan wasa suka fito zanga-zanga har aka kama da yawansu, amma katafila ta yi aikinta. Bayan wannan asarar ne hukumar birnin ta sa da yawa daga cikin sauran gidajen a jerin gine-ginen tarihi da ba a taɓawa yadda aka ga dama.

Shi ya sa da aka zo gyaran gidan wasan Palace, wanda aka buɗe a 1913, ba a rushe zauren ba. A 2022 aka sa masa jak kamar yadda bakanike yake ɗaga mota, aka ɗaga shi ɗungurungum ƙafa 30 sama, a hankali a hankali, aka yi shaguna a ƙarƙashinsa. Wanda ya sayi tikiti yanzu sai ya hau bene kafin ya kai ga kujerarsa.