Na Je Kabarin Napoleon, Na Nemi Waterloo Ban Gani Ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da muryata, ƙasa-ƙasa zan yi magana, don mai gadin can tun ɗazu yake hararata. Yau ina cikin Invalides a birnin Paris, wannan ginin mai ƙubba ruwan zinariya da Sarki Louis na 14 ya gina wa tsofaffin sojoji da waɗanda suka ji rauni a yaƙi. Bari in juya muku kyamara. Kun ga wancan ƙaton akwatin jan dutse a cikin rami? To Napoleon ne, tsohon sarkin Faransa, kwance a ciki.

Abin da ya fara ba ni mamaki, mutumin nan da kyar ma ya zama Bafaranshe. A tsibirin Corsica aka haife shi a 1769, shekara guda kacal bayan Faransa ta karɓi tsibirin daga hannun Genoa. Da aka kai shi makarantar soja, yara har dariyar Faransancinsa suke yi. Mu da muke fama da harshen nan kullum a shago da tashar jirgi, wannan zafin mun san shi. Amma yaron ya iya lissafi, ya ƙware a harba igwa, juyin juya hali kuma ya watsa manyan hafsoshi 'ya'yan sarauta, guri ya samu. Ya ƙwato tashar ruwan Toulon a 1793, aka ba shi janar yana ɗan shekara 24. A Nuwamba 1799 ya yi juyin mulki. Ranar 2 ga Disamba 1804, a majami'ar Notre Dame, ga Fafaroma zaune, ya ɗauki kambi da hannunsa ya aza wa kansa. Ku lura da shekarar: ita ce shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu aka gwabza a Tabkin Kwatto. Zamani ɗaya ne, kowa da tasa duniyar.

Yanzu ku duba ƙasa, kewaye da akwatin. An rubuta sunayen yaƙe-yaƙensa guda takwas: Rivoli, Pyramides, Marengo, Austerlitz, Iéna, Friedland, Wagram, Moskowa. Kirari ne zalla, irin na maroƙi a gaban sarki.

Ɗauki Pyramides, wato yaƙin da ya yi kusa da dalar Fir'auna a 1798. Ya ci Mamluk, mayaƙan da ke riƙe da Masar a lokacin, gaskiya ne. Amma ba a rubuta cewa 'yan kwanaki bayan haka Nelson na Ingila ya tarwatsa masa jiragen ruwa a Abukir ba, ko cewa da mutanen Alƙahira suka yi bore, sojojinsa sun shiga masallacin Azhar da dawakai. Daga baya ya sulale ya koma gida ya bar rundunar a can.

Moskowa kuwa ita ce ta fi taɓa ni, don daga ita alƙalami ya tsaya. A 1812 ya kwashi mutum wajen dubu 600 ya nufi Rasha. Ya ci yaƙin Moskowa ɗin, kusa da Mosko, da kyar, ya shiga Mosko, ya tarar gari kusan babu kowa, ga wuta ta tashi. Ya zauna makonni biyar yana jiran Sarkin Rasha ya aiko neman sulhu, shiru kake ji. Da ya juyo, yunwa da cuta da sanyi da mahayan Rasha da ake kira Kosak suka dinga tsintar sojojinsa a hanya. Ni da nake karkarwa a sanyin Paris cikin riguna uku, ban san yadda mutum zai taka ƙanƙarar Rasha da yagaggen takalmi ba.

Daga nan sai gangara. An doke shi a Leipzig a 1813, ya yi murabus a 1814, aka kai shi tsibirin Elba. Ya gudo, ya sake mulki na kwana ɗari, sai Wellington na Ingila da Blücher na Prussia suka gama da shi a Waterloo ranar 18 ga Yuni 1815. Turawan Ingila suka kai shi Saint Helena, can tsakiyar teku, ya mutu a 1821 yana da shekara 51. Sai 1840 aka dawo da gawarsa nan.

Ba zan ci haƙƙinsa ba. Kundin dokokin da ya kafa a 1804 ya fi daularsa daɗewa, kuma 'yan'uwa na Nijar, wani ɓangare na dokar da kotunanku ke aiki da ita daga can ta samo asali. Sai dai ni baƙar fata da ke tsaye a nan ba zan manta ba, shi ne ya dawo da bauta a yankunan da Faransa ke mallaka a 1802, bayan an soke ta a 1794, kuma a kurkukunsa Toussaint Louverture, jagoran boren bayi na Haiti, ya mutu. Na zagaya ramin nan sau biyu, wannan ma ban gan shi a rubuce ba.

To, mai gadi ya taso. An ce dokinsa Vizir, ɗan ingarman Larabawa da Sarkin Daular Usmaniyya ya ba shi, yana cikin gidan tarihin da ke gefe, an cusa fatarsa an tsayar da shi. Masu son dawaki ku biyo ni, mu gani ko zai iya hawan sallah.