Kati a hannu, amma a ce ka biya: rigimar inshorar lafiya a Gana

Assalamu alaikum jama'a, daga Aboabo nake magana, nan cikin Kumasi. Duk teburin mai shayin da aka taɓo zancen asibiti a zango, sai an rabu gida biyu. 'Yan jam'iyyar NPP su ce tsohon shugaban ƙasa Kufuor ne ya kawo inshorar lafiya a 2003, ya kashe tsarin nan na sai ka ajiye kuɗi kafin likita ya taɓa ka. 'Yan jam'iyyar NDC su ce ai su suka yi dokar 2012 da ta haɗe asusun gundumomi wuri guda. Duka gaskiya ne, amma ba shi ya dami matar da ta miƙa katinta ta taga aka ce mata, "Hajiya, wannan babu, sai ki saya a kemis" ba.

Matsalar tana kan hanyar da kuɗin ke bi. Asusun inshorar yana samun harajin kashi 2.5 cikin ɗari da aka ɗora kan kayan saye, da wani kashi 2.5 na albashin ma'aikata daga cikin abin da ake zuba musu a asusun fansho na SSNIT. Abin da kake biya na sabunta kati bai taka kara ya karya ba. Asibiti zai duba ka, ya ba ka magani, sannan ya tura wa hukumar inshorar lafiya, NHIA, takardar neman biya. In aka yi watanni shiru, dillalin magani ya rufe ƙofar bashi. Ga kuma farashin da hukuma ta yanka wa kowane magani: da darajar sidi ta faɗi a 2022, na kasuwa ya yi sama, na takarda bai kamo shi ba. Wannan giɓin ake ɗora wa majinyaci, alhali hukuma ta hana.

Dokar 2017 ta sa wa irin waɗannan asusu iyaka, har ya zama ba duk harajin lafiyar ke isa hannun NHIA ba. Gwamnatin Mahama ta cire iyakar a 2025, ta kuma kafa asusun MahamaCares domin cututtuka masu cin kuɗi irin su daji da ciwon ƙoda. 'Yan adawa a majalisa suka tayar da jijiyar wuya, don kashi 20 na kuɗin inshorar za a riƙa yankowa a zuba can. A ganina tambayarsu tana kan hanya, ko da siyasa a ciki. Mutanen Asante kuwa ba su manta da gwajin 2012 ba, lokacin da aka ɗaure kowa da asibiti ɗaya, sai a 2017 aka dakatar.

To, kafin su gama musunsu, duba katinka. Danna *929#, ka biya kuɗin sabuntawa ta MoMo, wato kuɗin waya. In ka bari ya wuce wata uku da mutuwa, sai ka jira wata guda bayan sabuntawa kafin ya yi aiki, ban da mai ciki da yaro ɗan ƙasa da shekara biyar. In ba larurar gaggawa ba ce, kada ka doshi babban asibitin Komfo Anokye kai tsaye; fara da ƙaramin asibiti su rubuto maka takardar turawa. In kuma an caje ka a kan abin da kati ya ɗauka, karɓi rasit mai sunan maganin, ka kai ofishin inshorar lafiya (NHIS) na gundumarku.