Manhajar da ke mantawa da gangan

Jama'a masu sauraro, kwamfuta ba ta da mantuwa. Shafin da ka buɗe, wasiƙar da ka rubuta, har hoton da kake zaton ka goge, duk sukan bar sawu a cikinta. Shi ya sa wasu 'yan jarida da masu tona asirin hukumomi suke yawo da tasu manhajar tafiyar da kwamfuta a aljihu, cikin ɗan filashi.

Wadda ta fi shahara ita ce Tails, da ta fito a 2009, aka gina ta a kan Debian, wata manhajar tafiyar da kwamfuta ta dangin Linux. Filashi mai giga 8 ya ishe ta. Ka kashe kwamfutar, ka soka shi, ka kunna ta daga kansa. Windows ɗin da ke ciki ko farkawa ba zai yi ba. Aikinka duk yana zaune ne a ma'ajiyar wucin gadi, wato RAM, kana kashewa ya bi iska. Ko fizge filashin ka yi ana tsakiyar aiki, kwamfutar za ta mutu, ta share abin da ke ciki. Sannan duk abin da zai fita intanet sai ya bi ta Tor, wata hanyar ɓatar da sawu a intanet, ya ratsa tashoshi uku. Ta farko ta san daga inda ka fito, ba ta san inda ka dosa ba. Ta ƙarshe ta san inda aka dosa, ba ta san mai tafiyar ba. Da Tails Edward Snowden, wanda ya fallasa ayyukan leƙen asirin Amurka, ya riƙa magana da 'yan jarida Laura Poitras da Glenn Greenwald a 2013.

To amma fa a yi hattara, don mutane da yawa sun ɗauki Tails layar zana. Kamfanin da ke ba ka intanet ba ya ganin abin da kake karantawa, amma yana ganin ka shiga Tor, sai dai in ka bi ta abin da ake kira gada, wato ɓoyayyiyar mashigar Tor. A wasu ƙasashen wannan kaɗai ya isa a sa maka ido.

Babban rami kuwa shi ne mai amfani da ita. Ka sha wahalar haɗa filashi, ka jure jinkirin Tor, sannan ka shiga Facebook da sunanka na yanka! Ko ka tura hoton da wayarka ta liƙa wa rana da wurin da aka ɗauke shi. Tails tana da manhajar goge irin waɗannan bayanai, amma sai ka tuna ka buɗe ta. Idan kuma an dasa na'urar naɗar rubutu a jikin allon madannan kwamfutar da ka ara, kalmar sirrinka ta riga ta fita tun kafin ta isa Tor.