Wannan Rawayar Duk Man Girki Ce

Assalamu alaikum jama'a, musamman mutanenmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12. Na san yanzu ruwan sama ya kankama a Legas, mu kuwa nan arewacin Jamus sanyi ne ya sake mu, watan Mayu ya shigo. Yau ina tsibirin Fehmarn. Bari in juya kyamara ku gani da idonku.

Masha Allah! Daga nan har inda ido ya tsaya, rawaya ce zalla.

Da na tura wa ƙanwata hoton nan jiya sai ta ce, "Yaya, wane mai kuɗi ne ya ɓata fili haka da furen ado?" To ba ado ba ne, gona ce. Jamusawa na kiran shukar Raps, dangin kabeji ce. Ku matso kusa: kowane fure ganye huɗu gare shi, biyu na fuskantar biyu. Ƙasa da shi kun ga waɗannan siraran kwansunan kore? Cikinsu ƙwaya za ta fito, baƙa, 'yar mitsitsiya kamar gero, amma fiye da kashi 40 cikin ɗari nata mai ne. Man da aka fi girki da shi a ƙasar nan ke nan. Ana yin man mota da shi, tunkuzar kuma ta tafi wurin shanu da kaji. Wanda kuke gani a kanti an rubuta canola ma shi ne. A Kanada aka gyara irin a shekarun 1970 har ya dace da ci.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne haƙurin manomin. Tun ƙarshen Agusta ya yi shuka. Shukar ta kwana a ƙasa duk tsawon hunturu, ƙanƙara ta sauka a kanta, sai ƙarshen Afrilu ta yi fure. Furen nan mako uku zuwa huɗu yake yi ya kaɗe, girbi sai Yuli. Kusan shekara guda mutum yana jiran gona ɗaya.

Shi ya sa nake roƙon 'yan uwa masu zuwa ɗaukar hoto, don Allah kada a kutsa ciki. Na ga wuraren da aka tattake, kara ya karye ya kwanta, don kawai wani yana son fure ya kewaye shi. Wanda ya karye ba zai yi ƙwaya ba, haƙƙin wani ne ka ɗauka. Kuma ba ka ma bukata. Shukar nan tana kai mutum ƙirji. Ka tsaya a bakin hanya, mai ɗaukarka ya ja da baya ya ɗan durƙusa yadda furanni za su shigo gaban kyamara, duk wanda ya ga hoton zai ɗauka a tsakiyar gona kake.

Ga wata dabara. Rawaya tana rikita waya, da rana tsaka sai ta haɗe ta zama fenti, ba ka bambanta fure da fure. Taɓa fuskar wayar a kan furen, ka ja haske ƙasa kaɗan. Kun ga bambanci? Yanzu har ƙudan zuman nan ya fito. Lokacin da ya fi kyau shi ne sassafe ko bayan la'asar sakaliya, kuma a nan rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare, ba gaggawa. In hadari ya haɗu baƙi ƙirin a bayan gona, ni a wurina ya fi shuɗin sama kyau nesa ba kusa ba. Ka nemi abu guda da ido zai sauka a kai, bishiya ko injin iskan can mai juyawa. Shuɗiyar shadda ta fi fitowa. Fara kuwa za ta koma gida da garin fure a jiki.

Ƙanshin ne kamara ba za ta kai muku ba: zaƙi-zaƙi mai nauyi, da ɗan warin kabeji a ƙarƙashi. Masu atishawa su yi shiri.

Akwatunan can na gefen gona amya ce. Zumar furen nan fara ce, tana daskarewa da wuri, shafa ta ake yi a burodi. Akwai wani gidan gona a gaba da ke sayarwa a bakin ƙofa, can na nufa yanzu. Mu je ku ga kwalbar.